Mannewar Kayan Ciki Bayan Tiyata: Shin Awon Jini Zai Iya Faɗakar Da Likita Kafin Aiki Na Biyu?

  

A wannan wata za mu yi magana ne a kan wani abu da ke faruwa a cikin cikin macen da aka taɓa yi wa tiyata, wanda ido ba ya gani, kuma sau da yawa ita kanta mai shi ba ta san da shi ba sai ranar da aka sake buɗe ta. Wannan abu shi ne mannewar kayan ciki, wato hanji ko mafitsara ko mahaifa su liƙe da juna, ko su liƙe da bangon ciki. Maganar ta shafi duk wadda aka taɓa ciro wa ɗa ta hanyar aiki, da wadda aka cire wa ƙarin mahaifa, da wadda aka yi wa aikin afendis ko na hanjin da zazzaɓin taifot ya huda, musamman idan tana ɗauke da juna biyu a yanzu ko tana fatan samu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa kashi 21 cikin 100 na haihuwar da ake yi a duniya ta hanyar tiyata ce, kuma ana hasashen adadin zai kai kashi 29 nan da 2030. A Najeriya binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kusan kashi 3 ne kawai. To amma mu al'umma ce mai son haihuwa da yawa, don haka macen da aka yi wa aiki a cikinta na fari tana da shekara 19, akwai yiwuwar ta sake shiga ɗakin tiyata sau biyu ko uku ko fiye kafin ta daina haihuwa. Wannan ne ya sa batun ya zama namu.

Yadda mannewa ke samuwa

Duk wadda ta taɓa gyara kayan cikin rago ranar sallar layya ta ga yadda hanji ke sulɓi a hannu, kowane yana zamewa a kan ɗan uwansa. Haka Allah Ya halicci cikin ɗan Adam. Akwai wani siririn tantani mai santsi da ya lulluɓe hanji da mahaifa da bangon ciki daga ciki, da ɗan ruwa kaɗan a tsakani, domin kowace gaɓa ta motsa ba tare da ta kama wata ba.

Idan wuƙar likita ta ratsa wannan tantani, ko ƙwayoyin cuta suka shiga, ko jini ya kwanta a wurin, sai jiki ya tashi gyara. Yakan fitar da wani abu mai danƙo da ake kira faibirin, irin wanda ke sa jini ya daskare a bakin rauni, ya shafe wurin da shi. A ƙa'ida, da zarar wurin ya fara warkewa jiki zai narkar da wannan danƙo ya share shi. Amma idan kumburin ya yi yawa, ko jini bai isa wurin sosai ba, sai narkarwar ta gaza, danƙon ya zauna ya zama gada tsakanin gaɓoɓi biyu. Cikin kwana 5 zuwa 7 na farko bayan aiki ake yanke wannan hukunci. Daga nan gadar takan yi ƙarfi ta koma tsoka mai kama da tabo, wani lokaci siririya kamar saƙar gizo, wani lokaci mai kauri kamar igiya har da jijiyoyin jini a cikinta.

Abin ya yawaita fiye da yadda ake zato. A shekarar 1990 wasu likitoci biyu a Ingila, Donald Menzies da Harold Ellis, sun duba mutum 210 da aka sake buɗe cikinsu bayan an taɓa yi musu aiki, sai suka sami mannewa a kashi 93 cikin 100. Waɗanda kuwa aka buɗe karon farko, kusan kashi 10 ne kawai aka samu da ita. A 1999 kuma aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Sikotland, inda aka bi sawun mutum 29,790 da aka yi wa aikin ciki a 1986 har tsawon shekara 10. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun sake kwanciya a asibiti saboda matsalar da ke da alaƙa da mannewa, ko wadda ake zaton tana da alaƙa da ita.

Abin da take jawowa ranar aiki na biyu

Mata da yawa suna rayuwa da mannewa lafiya lau ba tare da wani ciwo ba. Wasu kuma tana sa musu ciwon mara mai daɗewa, ko ta lanƙwasa bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa har haihuwa ta tsaya ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, ko ta shaƙe hanji. Amma inda ta fi nuna kanta shi ne ranar da za a sake aiki.

Likitan da ya buɗe ciki karon farko hanya yake samu a buɗe. A karo na biyu ko na uku kuwa yana iya tarar da mafitsara ta hau ta liƙe a gaban mahaifa daidai inda zai yanka, ko hanji ya manne a ƙarƙashin tsohon tabo, ko mahaifar kanta ta haɗe da bangon ciki. Dole ya tsaya yana rabawa sannu a hankali, domin gaggawa a nan tana nufin huda hanji ko mafitsara. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya sami mannewa a kashi 46 cikin 100 na matan da suka zo aikin haihuwa na biyu, kashi 75 a na uku, kashi 83 a na huɗu. Lokacin da ake ɗauka kafin a ciro jariri ya ƙaru da kusan minti 6 a aiki na biyu, fiye da minti 8 a na uku, da minti 18 a na huɗu. Wani binciken a Kanada a 2009 ya sami adadin da bai kai haka ba, kashi 24 a na biyu da kashi 43 a na uku, amma shi ma ya nuna abu ɗaya, wato duk aikin da aka ƙara, mannewa na ƙaruwa.

Minti 18 ba komai ba ne idan aikin shiryayye ne, uwa da ɗa suna cikin natsuwa. Amma idan an kawo mace ne tsakar dare bayan doguwar naƙuda, jini na zuba, jariri ya galabaita, waɗannan mintoci suna iya raba rai da mutuwa. Don haka likitoci ke son sanin abin da za su tarar tun kafin su ɗauki wuƙa. Idan sun san akwai mannewa mai tsanani, za su sa babban likita mai gogewa a kan aikin, su tanadi ledar jini, su zaɓi wurin yanka da kyau, su shirya maganin kashe zafi da zai ɗauki dogon lokaci, ko su tura mace babban asibiti tun da wuri.

Me ake dubawa a cikin jini?

Matsalar ita ce mannewa ba ta fitowa sarai a hoto kamar yadda jariri ke fitowa. Wannan ya sa masu bincike suka juya ga jini. Tunaninsu shi ne, tunda kumburi ne tushen mannewa, kuma kumburi yana barin alama a cikin jini, wataƙila awon jini mai sauƙi zai nuna wadda ke cikin haɗari.

Awon da ake magana a kai ba baƙo ba ne. Shi ne cikakken ƙidayar ƙwayoyin jini da ake yi wa mace kafin aiki, wanda ke nuna ko jininta ya isa. A cikin takardar sakamakon akwai adadin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki. Iri biyu daga cikinsu ne suka fi muhimmanci a nan. Na farko su ne nutirofil, masu fara kai ɗauki, waɗanda ke ƙaruwa da zarar an sami rauni ko cuta. Na biyu su ne limfosayit, masu tsara yaƙi da tuna abokin gaba, waɗanda sukan ragu idan jiki yana cikin wahala. Sai kuma filetilet, ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, su ma suna da hannu a kumburi.

A shekarar 2001 wani likita a ƙasar Sulobakiya mai suna Roman Zahorec ya nuna cewa idan aka raba adadin nutirofil da adadin limfosayit, lambar da ta fito tana nuna girman wahalar da jikin maras lafiya ke ciki. Likitoci na kiran wannan lissafi NLR a taƙaice. Misali, idan nutirofil 6,000 ne, limfosayit kuma 2,000, to lambar ita ce 3. Ga mai lafiya takan tsaya tsakanin 1 da 3. Akwai makamancinsa da ake raba filetilet da limfosayit. A 2014 kuma masu bincike a ƙasar Sin suka haɗa ukun wuri ɗaya, suka ninka filetilet da nutirofil sannan suka raba da limfosayit, don hasashen makomar masu cutar dajin hanta. Bayan waɗannan akwai CRP, wani sinadari da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi, wanda aka gano tun 1930, shi kuma awonsa daban ne.

Abin da ya ja hankali ga waɗannan lambobi shi ne arha. Ba sa bukatar sabuwar na'ura ko ƙarin allura, lissafi ne kawai a kan takardar da ke hannu. Ga ƙaramin asibitin da ba shi da kayan aiki masu tsada, wannan babban alheri ne idan ya tabbata. Masu bincike sun ɗauki jinin mata kafin aikin haihuwa na biyu ko na uku, sannan suka kwatanta lambobin da abin da aka tarar da aka buɗe ciki. Wasu sun ga lambobin sun ɗan fi yawa ga masu mannewa mai tsanani, wasu kuma ba su ga bambancin da za a dogara da shi ba. Saboda haka har yanzu awon bai zama ƙa'idar da ake yanke hukunci da ita ba, yana matsayin ƙarin haske ne.

Dalilin da ya sa jini kaɗai bai isa ba

Dalili na farko shi ne lokaci. Mun faɗa cewa mannewa tana ƙulluwa ne a makon farko bayan aikin da ya gabata. Jinin kuwa ana ɗibarsa ne bayan shekara 2 ko 3 ko fiye, lokacin da wutar ta daɗe da mutuwa, tabo ne ya rage. Abin da jini zai nuna shi ne halin da jiki ke ciki a ranar da aka ɗebe shi. Masu goyon bayan awon suna cewa akwai jikin da ɗabi'arsa ce yawan kumburi, kuma irin wannan jiki ne ya fi yin mannewa. Magana ce mai ma'ana, amma alaƙar tana da nisa.

Na biyu, juna biyu shi kansa yana ɗaga adadin nutirofil, naƙuda kuma tana ƙara ɗaga shi sosai. Haka ciwon sanyin mafitsara, da fashewar faya da wuri, da allurar da ake yi don ƙosar da huhun jariri idan ana tsoron haihuwar bakwaini. Duk waɗannan za su ɗaga lambar ko da babu mannewa ko kaɗan.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Zazzaɓin cizon sauro yana rage filetilet. Mai cutar sikila kuma fararen ƙwayoyin jininta da filetilet sukan yi yawa ko tana lafiya. Bugu da ƙari, mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma an halicce su da wani nau'in jini da ke sa adadin nutirofil ɗinsu ya yi ƙasa da na Turawa da mutanen Asiya, alhali lafiyarsu ƙalau. Ke nan iyakar lambar da aka tsayar a kan matan wata nahiya ba lallai ta dace da matan Kano ko Maraɗi ba, sai likitocinmu sun auna namu.

Don haka, 'yar uwa, idan kika ga lambobi a takardar awonki, kada ki zauna kina lissafi a waya kina tayar wa kanki hankali. Lamba mai yawa ba ta tabbatar da mannewa, lamba kaɗan kuma ba ta kore ta. Ki kai wa likita ya haɗa ta da sauran alamomi.

Sauran alamomin da likita ke dubawa

Akwai wata dabara ta hoton sikanin da aka yi rubutu a kanta sosai tun daga 2018. A watannin ƙarshe na ciki, mai ɗaukar hoto zai ɗora na'urar a kan tsohon tabo, ya ce wa mace ta ja dogon numfashi ta sake. Idan mahaifa tana zamewa sama da ƙasa a ƙarƙashin bangon ciki, alama ce mai kyau cewa babu mannewa mai tsanani a wurin. Idan ta tsaya cik ba ta motsi, sai a yi shiri. Ba ta da zafi, ba ta ɗaukar lokaci, sai dai tana bukatar wanda ya iya, kuma abin da ke kusa da bangon ciki kawai take nunawa.

Ana kuma duba tabon kansa. Wasu bincike sun nuna cewa tabon da ya lotsa ciki, kamar ana jan sa daga ƙasa, ya fi tafiya tare da mannewa fiye da wanda ya kwanta daidai da fata. An gwada nankarwa ma, amma sakamakon ya saɓa wa juna.

Sikanin yana da wani amfani mafi girma ga wadda aka taɓa yi wa aiki, wato gano inda mabiyiya ta zauna. Idan ta sauko ƙasa ta zauna a kan tsohon ɗinki, tana iya kafewa cikin naman mahaifa ta ƙi fita, abin da ke jawo zubar jini mai tsanani. Wani bincike a Amurka a 2006 a kan mata fiye da 30,000 ya nuna cewa ga wadda mabiyiyarta ta tare bakin mahaifa, haɗarin kafewar ya kai kashi 11 cikin 100 a aiki na biyu, kashi 40 a na uku, kashi 61 a na huɗu.

Labarin da ke bakinki

A cikin duk abin da likita ke dogara da shi, babu kamar tarihin mai ciki. Sau nawa aka yi mata aiki? Wane iri? Shiryayye ne ko na gaggawa bayan doguwar naƙuda? Ta yi zazzaɓi bayan aikin? Ɗinkin ya yi ruwa ko ya buɗe? Kwana nawa ta yi a asibiti? An ƙara mata jini? Likitan da ya yi na baya ya ce ya sha wahala kafin ya kai ga jariri? Afendis ɗin da aka cire tana yarinya ya fashe ne kafin a cire? Amsar waɗannan tambayoyi ba a ɗakin gwaji take ba, tana wurinki, kuma kyauta ce.

A nan ne muke da gyara. Akwai matan da ke sauya asibiti da gangan, su rage adadin aikin da aka yi musu, don kada a ce za a sake. Akwai waɗanda ke ƙin zuwa awo, su zauna gida su fara naƙuda a ɓoye da fatan haihuwa za ta zo kafin kowa ya sani, wani lokaci ma har da shan jiƙe-jiƙen saurin naƙuda. Galibi abin da ke tura su shi ne gorin kishiya ko dangin miji cewa ba su iya haihuwa da kansu, ko tsoron kuɗin aiki, ko tsoron a ce su daina haihuwa. Waɗannan damuwoyi ne na gaske, amma ɗinkin da ke jikin mahaifa bai san gori ba. Idan ya yage, rai biyu ne ke cikin haɗari, kuma likitan da zai karɓe ta a wannan hali zai shiga ciki ne a guje ba tare da sanin abin da ke gabansa ba. Wadda aka yi wa aiki sau ɗaya tana iya haihuwa da kanta a ciki na gaba idan likita ya ga sharuɗɗa sun cika, amma a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a kusa ake gwada hakan.

Addininmu ya umarce mu da neman magani, ya kuma koya mana cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Jiki amana ne, ɗan da ke ciki ma amana ne. Ɓoye wa likita gaskiyar da ran jariri ya rataya a kanta cin amana ne, ko da tsoro ne ya jawo. Haihuwa ta hanyar aiki ba ta rage wa mace daraja ko lada, kuma masu gori su ji tsoron Allah. Magidanta kuma su sani cewa sa hannu a takardar aiki da wuri, da tanadin kuɗi, da neman 'yan uwan da za su ba da jini tun ciki yana wata bakwai, duk suna cikin haƙƙin da Allah Ya ɗora musu.

Abin da ya kamata ki yi

Kafin a sallame ki bayan kowane aiki, ki roƙi likita ya rubuta miki irin aikin da aka yi, da irin yankan da aka yi wa mahaifa, da ko an tarar da mannewa. Yankan da ke kan fata ba koyaushe yake nuna wanda ke kan mahaifa ba. Ki adana takardar tare da takardun haihuwar yara, ki ɗauki hotonta a waya.

Ki kula da ɗinki, ki sha magungunan da aka ba ki har su ƙare, ki fara ɗan tattaki da zarar an ba ki izini. Kada a danna tafasasshen ruwan wankan jego a kan sabon ɗinki, kada kuma a shafa masa wani abin da likita bai ce ba. Idan kika ga zazzaɓi ko ruwa mai wari, ki koma asibiti a ranar.

Ki ba mahaifa hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki, wanda ya yi daidai da shekara biyu na shayarwa da aka ambata a Suratul Baƙara. Hutun ba ya narkar da mannewar da ta riga ta samu, amma yana ba ɗinkin mahaifa damar yin ƙwari, jininki kuma ya dawo. Ki tattauna da maigida da likita a kan hanyar da ta dace da ku.

Da zarar ciki ya shiga, ki fara awo da wuri a asibitin da ake yin tiyata. Ki faɗi komai. Ki yi awon jini da sikanin da aka rubuta miki, ki tambaya inda mabiyiya take. Idan an sa ranar aiki, ki je a ranar, idan kuma naƙuda ko jini ko ruwa ya riga ranar zuwa, kada ki jira gari ya waye.

Ko ba ki da ciki, idan an taɓa buɗe cikinki sai kika ji murɗawa mai tsanani tana zuwa tana tafiya, da amai musamman kore, ciki ya kumbura, babu bayan gida babu fitar iska, to alamar shaƙewar hanji ce. Tana iya zuwa bayan shekara 10 ko 20 da aiki. Kada a tsaya ba ki kanwa ko maganin wankin ciki, a wuce asibiti kai tsaye.

Muna fatan masu bincike za su kai ga awon da zai faɗa wa likita gaskiyar abin da ke ciki tun kafin ya buɗe. Kafin wannan lokaci, taimakon da kowace mace za ta iya yi wa kanta shi ne ta riƙe takardunta, ta faɗi gaskiya, ta zo da wuri. Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya shirya mana zuri'a.